Rasuwar Mai Sallama, Tayar Gaba ta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya tokare ta ban da baƙin cikin, Yaya, babban ɗan Inna mai zare, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa sa hannu aka tura masa mota, rasuwar tayarsa ta gaba, ɓangaren dama, wadda aka fi sani da Mai Sallama. Ta rasu da safe, a bakin aiki, bayan doguwar jinyar da ta sha ba tare da ta taɓa neman hutu ba.

Wanda ya san Yaya ya san shi ba baƙo ba ne a harkar sanarwa. Aikinsa ke nan a maɗaba'ar da ke bayan tashar mota: a kawo masa hoton mamaci, a faɗa masa 'ya'ya da jikokin da aka bari, shi kuma ya jera su, ya gyara, ya zagaye da baƙin layi. Ya tsara ta'aziyyar mutanen da bai taɓa gani ba idonsa a bushe ƙamas, wani lokaci ma yana taunar gyaɗa. Yau da abin ya zo kansa ya gane ashe kalmomin nan suna da nauyi.

Babu wanda ya san ranar haihuwar marigayiya. Yaya ya same ta ne a jikin motar ranar da ya saye ta a hannun wani tsohon malamin makaranta, kuma tun a lokacin lambobin da ke gefenta sun fara shafewa. Ba ta da wani kyau na a zo a gani. Abin da take da shi haƙuri ne. Duk wanda ya san mota ya san tayar gaba ta dama ita ce mai shan wahalar gida. Ita ke gogar bakin kwata, ita ke fara faɗawa ramin gefen titi idan babbar mota ta matse Yaya, ita ke taka fasassun kwalaben da masu shara suka ture gefe. Karnukan unguwa ma in za su ɗaga ƙafa ita suke zaɓa, su bar sauran ukun. Ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba.

Sai dai babbar martabarta ba wannan ba ce. Babbar martabarta ita ce a kanta Inna take zama.

Kullum safiya Yaya yakan baro gidansa, ya bar hanyar maɗaba'a, ya karkata zuwa lungun da gidan Inna yake a can ƙarshensa, ya ɗauke ta ya kai ta rumfarta a kasuwa inda take sayar da zare da allura da maɓalli. Idanun Inna sun daɗe da yin hazo, amma ta ƙi zaman gida. Zarenta da yatsa take gane shi, da kuma inda ta jera kowanne, kuma har yau ba a samu wanda ya ba ta shuɗi a madadin kore ba. Wannan 'yar tafiya daga lungu zuwa kasuwa, ita ce dukiyar Yaya. A cikinta Inna take ba shi labarin mafarkin da ta yi, da wadda ta yi yaji a unguwa, da wanda ya kamata a je a duba a asibiti. A cikinta take lalubo hularsa ta ce ta karkace, ta ɓare masa lemo tana miƙa masa ɓari-ɓari a baki saboda hannunsa na kan sitiyari. A gida kuwa, in dangi suka taru, Yaya ba ya samun ko rabin kunnen Inna, don akwai wanda ke cinye shi duka, za mu zo kansa. Amma a cikin motar nan Yaya ɗa ɗaya tilo ne, duk da furfurar da ke gemunsa.

Sunan marigayiya ma Inna ce ta raɗa mata. Shekarun baya wani guntun ƙarfe ya tsarge ta a kan hanyar kasuwa, ya yi mata rauni mai faɗi. Mai facin bakin titi ya duba ya duba, ya yanko wata ƙatuwar roba mai kauri ya liƙa mata ta ciki. Ta rayu, amma daga ranar ta samu murya. In tana gudu sai ka ji kap-kap-kap-kap. In Yaya ya rage gudu zai shiga lungu sai muryar ta nutsu, ta koma kap… kap… kap, a hankali, cikin ladabi. Tun daga kwanar lungu Inna take jiyo ta. Kafin motar ta iso ta yafa mayafi, ta rataya jaka, ta ja ƙofa ta kulle, tana tsaye tana murmushi. "Ga Mai Sallama nan," in ji ta, kullum, kamar ranar ce ta fara faɗa.

Ya kamata masu karanta wannan sanarwa su sani cewa a duk tsawon shekarun nan Yaya bai taɓa danna hon a ƙofar Inna ba. Ranar da ya fara kawo motar ta gaya masa, "Ni uwarka ce, ba fasinja ba. Uwa ba a kiranta da hon." Ya riƙe maganar gam, yana alfahari da ita a cikin abokai. Kuma bai taɓa buƙatar saukowa ya ƙwanƙwasa ƙofa ba, tunda akwai mai yi masa sallama.

Yanzu dole a ambaci Auta, ko da yake Yaya ya so a kammala sanarwar nan ba tare da shi ba. Auta ƙanin Yaya ne, na ƙarshe a ɗakin Inna, mai shagon wayoyin hannu. Shi ne wanda tun yana goye in ya yi kuka ake dukan Yaya. Shi ne wanda in ya fasa kofi Inna take cewa kofin dama ya tsage. A bana Allah Ya buɗa masa ya sayi mota, baƙa, faffaɗa, mai duhun gilashi, mai sanyi a ciki. Yaya ya yi masa murna, kowa ya ji ya yi masa murna, ya ma maimaita sau uku don kada a ce ba a ji ba. Ya ce shi ko kallon kirki bai yi wa motar ba. Amma an ga ya durƙusa kusa da ita zai ɗaure igiyar takalmi, alhali takalmin da ya sa ba shi da igiya. A durƙuson nan ne ya ga tayoyin: huɗu cif, sababbi fil, zanensu mai zurfi har yatsa na shigewa, ga 'yan siraran gashin robar nan na sabuwar taya ko karyewa ba su yi ba. Da ya miƙe ya waiwayi Mai Sallama, ita kuwa tana can gefe da sanƙonta, ba ta san ana gwada ta da kowa ba. Ranar Yaya bai ci abincin kirki ba.

Ciwon ajali ya faro a hankali. Da farko iska ce take zurarewa, a wayi gari a tarar ta ɗan kwanta, a kai ta a buga mata, ta miƙe ta kama aiki. Daga nan zanenta ya suɗe tas har wayoyin cikinta suka fara leƙowa. Daga nan wani kumburi ya fito mata a gefe. Mai faci, wanda ya zame mata likita tun raunin farko, ya yi iya ƙoƙarinsa. Yakan tsoma ta a cikin bahon ruwansa yana juyawa, kumfa na tasowa ta nan ta can, shi da Yaya suna tsaye a kanta suna kallo. A zuwa na ƙarshe ya share hannunsa a riga ya ce, "Yaya, wallahi babu sauran inda zan liƙa faci sai a kan wani facin. Ka bar baiwar Allah nan ta huta." Yaya ya ce a ƙara gwadawa. Aka ƙara gwadawa.

Ranar da ta cika, Inna na cikin motar tana tsaka da ba da labarin wani mafarki mai ruwa a ciki. Sun kusa shataletalen kasuwa. Marigayiya ba ta fashe ba, ba ta firgita kowa ba, ba ta ja motar ta kai su kwata ba. Ta dai yi kap… kap… sannan ta saki wani dogon numfashi, fssssss, ta kwanta a hankali har motar ta karkata ɓangaren Inna. Inna ta miƙa hannu ta taga ta dafa ƙofar motar ta waje, ta ce, "Ta gaji."

Yaya ya buɗe but ya ciro safaya, tayar ajiya, sai ya tarar ita ma babu iska ko ta hura wuta. Rana ta fara zafi, masu mota na bayansu suna zagi, Inna na zaune tana fifita da gefen mayafi. Ita ce ta lalubo wayarta ta kira, kuma kowa ya san wa ta kira. Ba a jima ba sai ga baƙar motar ta sulalo ta tsaya, ko ƙarar tsayuwarta ba a ji ba. Auta ya fito yana ƙamshi, ya ce, "Sannu Yaya, bari in ƙarasa da ita kafin ka gyara." Ya kama hannun Inna ya zaunar da ita a gaba. Kafin ya rufe ƙofa Yaya ya ji ta ce, "Kai, sanyi!" ta kuma yi dariya. Har yau dariyar nan tana kunnen Yaya, ta fi masa zagin masu motocin zafi.

Marigayiya ta rasu ta bar 'yan uwa uku: ta gaba ta hagu, abokiyar tafiyarta, wadda ita ma jikin sai a hankali, da biyu na baya, waɗanda duk ramin da suka taka sai da ta riga su takawa. Ta bar safaya, malalaciya, wadda ta ƙare rayuwarta a kwance a but, rana ɗaya tak da aka neme ta kuma ta ba da kunya. Ta bar jak mai ciwon baya. Ta bar mai faci, wanda ya ce zai yi kewarta, kuma an yarda da shi. Ta bar Yaya a gefen titi da hannu baƙi ƙirin.

"Kafin ka gyara" ɗin nan na Auta kuwa sai ya zama kullum. Motar Yaya na kan duwatsu a ƙofar gida, shi yana bin motar haya zuwa maɗaba'a, yana tsaye a matse, yana lissafa a ransa daidai inda Inna take yanzu, da abin da take faɗa, da wanda ake miƙa wa lemon. Abin da ya fi ci masa rai shi ne mafarkin nan mai ruwa. Bai ji ƙarshensa ba, kuma ya tabbata Auta ya ji.

Ana cikin zaman makoki Auta ya zo gidan da yamma, yana kaɗa makulli a yatsa. "Yaya, me zai hana in sa a kawo maka guda huɗu irin nawa? Akwai daidai motarka. Ka huta kawai." Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Na gode. Ina tuƙa mota kana tuƙa gwangwani da igiya. Zan zaɓi abata da kaina." Da Auta ya tafi, matar Yaya ta ajiye tsintsiya ta ce, "Wai kai da taya kake fushi ko da ƙaninka?" Ya ce ita ba ta san mota ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san mijinta.

Washegari ya nufi layin masu taya. Wanda bai taɓa zaɓen magajiya ga wadda yake so ba, ba zai gane nauyin ranar nan ba. Mai shagon da ya shiga, wani kakkauran mutum mai fara'a, ya yi ta gangaro masa su ɗaya bayan ɗaya. Ga na gwanjo, an shafe su da mai suna sheƙi, amma in ka matsa gefensu sai ka ga 'yan tsage-tsage kamar kaushin dunduniya. Ga sababbi masu sauƙi, waɗanda mai shagon da kansa ya ce kyansu na rani ne, ranar da aka yi ruwa sai addu'a. Ga wasu masu tauri da aka ce sun fi ƙarko amma duk ramin da aka taka sai fasinja ya ji shi a ƙugu. Yaya ya tuna ƙugun Inna ya ture su gefe. Yana shafa kowacce, yana ƙwanƙwasa ta da yatsa, yana kara kunne.

Can ya ce, "Wacce ce a cikinsu take da murya?"

Mai shagon ya ce, "Murya kamar yaya, ranka ya daɗe?"

"In tana tafiya a ji ta. A san ta iso."

Mai shagon ya yi dariya har yana riƙe ciki. "Ai mu mai ƙara dawo mana da ita ake yi, har da faɗa. Duk wanda ya shigo nan shiru yake nema. Kai ne na farko."

Duk da haka Yaya bai haƙura ba. A cikin na gwanjon aka samu wata da ta ci gefe ɗaya, aka ɗaura ta a motar wani makanike aka zaga da shi layin. Tana da murya kam, wani gunji ne, wuuu, mara kan gado, babu ladabi a cikinsa ko kaɗan. Ya so ya ɗauke ta a hakan. Sai ya sake duba tsagar gefenta, ya tuna wadda za ta zauna a kanta, ya ce a sauke. Ya koma wurin mai faci ya roƙe shi, in ya sayi sabuwa, ya liƙa mata irin facin marigayiya ta ciki. Mai faci ya ce, "Haba Yaya, ka kawo min lafiyayya in sa mata ciwo? Kuma ko na liƙa ba lalle ta yi irin kukan ba. Waccan ita da rauninta suka shirya abinsu."

A ƙarshe, da ya koma layin masu taya, mai shagon ya shiga ciki ya gangaro wata, ya ce wannan ita ce ta kirki, tana riƙe ƙasa in an yi ruwa, tana da taushi a rami, kuma gara a sa biyu a gaba don su tafi daidai. Yaya na ganin zanen ya gane ta. Irin ta Auta ce sak, sai dai ƙarama. Ya tambaya ko akwai wata mai kyanta amma ba ita ba. Aka ce babu. Ya fita waje ya tsaya, ya dawo, ya sake fita. Da don kansa ne da ya ɗauki mai tsagar nan ya tafi, ko don kada a ce ya bi sahun yaron da ya goya. Amma ba shi ne zai zauna a kanta ba. Ya ce a ba shi biyun, ya kai gida a ɗaura. Ya tambaya ko za a iya juya rubutun sunan ciki, aka ce ai kowane gefe da rubutu. Sai ya jira mai shagon ya juya baya, ya ɗebi taɓo a bakin kwata ya shafe sunan, sannan ya tsuguna ya tsittsinke 'yan gashin robar ɗaya bayan ɗaya.

Da safe ya yi wanka, ya daidaita hula, ya sayi lemo da kansa, ya kama hanyar lungu. Sababbin tayoyin kuwa ba su da laifi, kuma wannan ne laifinsu. Sitiyari ya daina rawa, ramuka suka zama kamar ba su nan. Ya sha kwanar lungu shiru, ya gangara shiru, ya tsaya a ƙofar Inna shiru. Ƙofa a rufe.

Ya zauna. Hannunsa ya tafi kan hon, ya janye shi. Ya ce a ransa yanzu za ta fito, ai uwa tana jin zuwan ɗanta a jiki. Ƙofa a rufe. Sai ga baƙar motar ta shigo lungun da ƙyar, madubanta na neman gogar bango ta kowane gefe, ta tsaya a bayansa. Pim! Pim! Sau biyu, babu kunya babu tsoron Allah, a ƙofar uwar da ta ce ba a kiranta da hon. Yaya ya gyara zama don ya ga yadda za a ci mutuncin yaron nan yau.

Ƙofa ta buɗe. Inna ta fito da mayafi da jaka. Ta miƙa hannu ta ci karo da motar Yaya, ta bi jikinta da lalube, ta shafa ƙofar da ta yi shekaru tana buɗewa, ta wuce tana cewa, "Wane ne kuma ya zo ya ajiye mana mota a bakin ƙofa?" Yaya yana ciki, gilashi a sauke, tazararsu ba ta kai kamu ɗaya ba. Bai ce uffan ba. Ya sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a ƙarƙashin kujera, ya ji an buɗe ƙofa a baya, ya ji an rufe. Lemon nan abokan aikinsa ne suka sha shi a maɗaba'a.

A yi wa Auta adalci sau ɗaya a wannan sanarwa: shi ne ya gaya mata a hanya cewa motar da ta wuce ta Yaya ce. Da la'asar ta aika a kira shi rumfa. Ya same ta tana naɗe wani zare a yatsa, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Ashe kai ne a ƙofa ka yi min shiru kamar ɓarawo?"

"Inna, ke kika ce uwa ba a kiranta da hon."

"Na faɗa."

"To ga Auta yana danna miki, kina fitowa."

"Auta ai Auta ne, yaushe ya taɓa jin magana? Kai ne mai ji." Yaya ya juya wannan magana a ransa, ya rasa yabo ce ko akasinsa. Ta ci gaba, "Kullum sai na shirya na tsaya a bayan ƙofa ina kasa kunne ko zan ji ta, har sai yaron nan ya zo ya cika min kunne da ihunsa. Na ɗauka ka gaji da ni ne, ka samu mai karɓar ka. Ina Mai Sallamar?"

"Ta mutu, Inna. Ba ta gyaruwa."

Inna ta ajiye zaren. "Allah sarki. To bakinka ma ya mutu ne? Shekara da shekaru taya ce ke gaishe ni, kai kana zaune kamar direban haya. Ka sauko ka yi sallama mana."

Yaya ya gyara durƙusonsa. Ya yi ƙarfin hali ya ce, "To daga gobe ni zan riƙa kai ki?"

"Wanda ya fara yi min magana a ƙofa shi zan bi. Ni dai a kai ni kasuwa." Ta lalubo hularsa ta gyara, ko da yake a daidai take. "Ita kuma baiwar Allah kada ka bar ta a bola a ƙone ta. Ta ɗauke ni da yawa. A nema mata wuri na mutunci."

A kan wannan umarni na Inna ne iyalan marigayiya suke sanar da shirye-shiryen kai ta makwancinta.

Za a binne ta a tsaye, rabi a ƙasa rabi a waje, a bakin lungun Inna, daura da katangar wani tela. Telan ya yi na'am da hannu biyu, don ya daɗe yana kukan motoci na ɓantare masa kusurwar katanga, kuma marigayiya ta saba da tare wa wasu wahala. Yaya da kansa ya zaɓi wurin. Ya sayi zare a rumfar Inna, ya auna faɗin motarsa, ya ƙulla. Ya jira ranar da Auta ya shiga ciki cin abinci, ya auna faɗin baƙar motar, ya ƙulla. Sannan ya auna bakin lungun. Tsakanin ƙulli na farko da na biyu, nan ne kabarin. Ƙaramar mota za ta wuce lafiya lau, har da sauran wuri. Faffaɗa kuwa sai dai ta tsaya a titi, mai ita in yana son uwarsa ya sauko ya tako da ƙafarsa har ƙarshen lungu, shi ma ya koyi sallama. Da aka gaya wa Inna inda aka zaɓa sai ta fashe da dariya ta ce, "Kai da ƙaninka sai dai Allah Ya shirya." Amma ba ta ce a fasa ba, kuma Yaya ya lura da hakan sosai.

Za a yi haƙa gobe da sassafe, kafin lokacin da wasu suka saba shigowa lungun. Mai faci ne zai sauke ta, tela zai kawo diga da shebur. Ana roƙon masu zuwa su dage wajen danne ƙasar, a sa duwatsu a ciki, don kada wani ya zo daga baya ya ce zai gusar da ita. Ba a yarda da kururuwa ba, ba a kuma yarda da hon ba ko sau ɗaya. Ana gayyatar Auta, shi ma ai na gida ne, sai dai ana ba shi shawara ya sa takalmin da zai iya tafiya da shi.

Da an gama, Yaya zai wanke hannunsa, ya shiga motarsa, ya gangara ƙarshen lungu a kan sababbin tayoyin nan marasa baki. Zai kashe mota, ya buɗe ƙofa, ya sauko. Kwanakin nan an gan shi a kan hanya shi kaɗai, gilashi a rufe, leɓɓansa na motsi. Sallamar yake gwadawa, don ta ƙi fitowa daidai: wani lokaci ta yi ƙarfi kamar ta mai bin bashi, wani lokaci ta maƙale a wuya. Allah Ya ba shi haƙurin rashin wadda ta yi masa ita shekara da shekaru, Ya kuma buɗe masa murya gobe, don akwai mafarkin da yake bin Inna ƙarshensa.

Inna ta ce za ta tsaya a bayan ƙofa, za ta kasa kunne.